Idan sikana ta ƙi magana da motarka: bin wayoyin soket ɗin OBD da kayan da aka ƙara wa a-kori-kura

Akwai wani hukunci da ake saurin yankewa a garejin masu gyaran wutar mota, kuma yana cin kuɗin mutane a banza. A kawo Hilux ko Ranger fitilu sun cika dashbod, ko batir na kwana ya wayi gari a mace, a soka sikana, na'urar da ke karanta matsalolin mota, a soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari ta yi gum, sai mai gyara ya goge hannu ya ce, "Alhaji, ƙwaƙwalwar ce ta tafi." A sayo wata a ɗaura, matsala tana nan daram. Ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar inji, tana lalacewa, babu musu, amma ita ce ta ƙarshe a cikin waɗanda ake tuhuma. Kafin a kai gare ta akwai fiyus, akwai wayar ƙasa, akwai ramin soket da ya saki, sannan uwa uba akwai kayan da aka ƙara wa motar bayan ta baro kamfani: tiraka mai bin sawun mota, allon Android, kyamara, alam, fitilun saman rufi. A-kori-kura motar aiki ce, kowa ya riƙe ta sai ya maƙala mata wani abu, kuma da wuya wanda ya maƙala ya gaya wa wanda ya gaje shi.

Sanin soket ɗin kansa

Soket ɗin yana ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren direba, yana da ramuka 16 a layi biyu, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Amurka ce ta wajabta shi a kan ƙananan motoci da a-kori-kura tun daga ƙirar 1996, Turai ta biyo baya da motocin fetur a 2001, na dizal kuma zuwa 2004. Idan kana kallon bakinsa, gefe mai faɗi yana sama, rami na 1 shi ne na farko daga hagu a layin sama, a ƙirga zuwa 8. Layin ƙasa ya fara daga 9 a hagu ya ƙare da 16 a dama. Motoci da yawa a kife aka ɗaura shi, don haka ka nemi gefe mai faɗi tukuna, ko ka haska tocila ka ga 'yan lambobin da ke jikin robar.

Biyar daga cikin ramukan su ne aikinka na kullum. Na 16 wutar batir ce kai tsaye, tana nan ko an zare makulli. Na 4 ƙasa ce, wato wayar da ke ɗaure da ƙarfen jikin mota. Na 5 ma ƙasa ce, amma ta sigina. Na 6 da na 14 su ne layin CAN, wayoyi biyu da aka murɗe tare waɗanda kwamfutocin motar ke magana da juna ta kansu, kuma tun daga ƙirar 2008 duk motar da aka sayar a Amurka da su take amsa sikana. Tsofaffin motocin Japan da Turai da rami na 7 suke magana, wanda ake kira layin K. Tsofaffin Ford na Amurka da na 2 da na 10, tsofaffin GM da na 2 kaɗai. Sauran ramukan kowane kamfani da abin da ya sa: Ford na sa layi na biyu a 3 da 11, GM na da layi mai waya ɗaya a rami na 1, Toyota kuma na da nata aikin a rami na 13. Wannan bambancin yana da muhimmanci, domin na'urar da aka ƙera da wata mota a rai tana iya jona ramin da a taka motar wani abu daban ne ke cikinsa.

Kayan aiki ba su da yawa: mita mai auna V (ƙarfin wuta) da Ω (juriyar waya) da A (yawan wutar da ake ja), ƙwan fitilar sigina da aka jona wa wayoyi biyu, tocila, 'yar allura ko siririn fil, da taswirar wayoyin motar idan za ta samu. Gargaɗi guda tun yanzu. Kada ka danna bakin mita cikin ramin soket. Bakin ya fi ramin kauri, zai buɗe ƙarfen da ke ciki, ka zo gyara ka ƙara ɓarna. Ka taɓa bakin ramin a hankali, ko ka shigar da allura ta baya inda waya ta shiga. Duk wata waya ko soket mai launin rawaya mai haske da ka gani kusa da sitiyari kuwa, ta jakar iska ce, ka bar ta inda take.

Mataki na farko: ka tambaya, sannan ka cire duk abin da ba na kamfani ba

Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce, me aka yi wa motar kafin matsalar ta fara? An sa tiraka? An canza rediyo? An yi waldar ƙarfen baya ko garkuwar gaba ba a cire batir ba? An tayar da ita da batirin wata mota, ko an juya kan batir ko da na daƙiƙa ɗaya ne? An wanke cikinta da ruwan famfo mai ƙarfi? Direba yakan ce "ba a taɓa komai ba", sai ka ƙara tambaya ya tuna cewa makon jiya wani yaro ya sa masa kyamara.

Daga nan ka kwanta a ƙarƙashin sitiyari da tocila, ka cire murfin roba na ƙasa, ka bi wayoyin soket ɗin baya. Wayoyin kamfani a naɗe suke tsaf, an ɗaure su da ƙugiyoyi a wurarensu. Aikin da aka ƙara yana tona kansa: baƙin tef da ya fara warwarewa, waya ja da baƙa suna lilo, ɗan akwati da aka ɗaure da igiyar roba a bayan dashbod, ko wata 'yar matsa mai haƙori da aka datse a jikin wayar asali.

Akwai abin da ke ruɗar mutane a motocin da aka shigo da su daga Amurka, irin su Tacoma, Tundra da F-150. Soket ɗin da kake gani a wurinsa ba lallai shi ne na asali ba. Kamfanonin haya da masu bayar da mota bashi a can sukan cire na asalin su tura shi bayan dashbod, su jona masa waya mai rassa biyu: reshe ɗaya ya tafi tiraka, ɗayan ya dawo a ɗaura shi a mazaunin na asali. Motar ta tsallako teku da wannan tiraka a ɓoye, layinta ya daɗe da mutuwa, amma tana nan tana shan batir, wani lokaci tana dagula layin CAN. Haka ma Hilux da aka sayo gwanjo daga wata ma'aikata ko ƙungiya, ba abin mamaki ba ne ka tarar da tiraka biyu a ciki, tsohuwa da sabuwa. Idan ka ga irin wannan, ka zare wayar mai rassa gaba ɗaya ka soka sikana a soket na asali.

Cirewa tana nufin cirewa. Kashe na'ura da maɓallinta bai isa ba, domin wayoyinta suna nan a jone. Sai dai ka yi hattara da tiraka mai kashe inji. Irin wannan an yanke wayar famfon mai ko ta makulli ne aka ratsa ta cikin rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa. Idan ka fizge rilen ba ka haɗa bakin wayar biyu ba, motar ba za ta tashi ba, ka ƙara wa kanka wani ciwon kai. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai. Bayan ka cire, ka gwada sikana. Sau da yawa a nan zancen ke ƙarewa.

Mataki na biyu: wuta a rami na 16

Yawancin ƙananan sikana daga wannan ramin suke shan wuta. Idan ka soka fitilarta ba ta kama ba, kada ka je ko'ina, matsalar tana tsakanin 16 da 4 da 5. Ka fara da batir ɗin kansa: cikakke yana nuna kusan 12.6V inji a kashe, idan ya sauka 12.2V ya kai rabi, inji na aiki kuma ya kamata ka ga tsakanin 13.5V da 14.7V. Batir mai rauni shi kaɗai yana iya cika kwamfutocin motar da lambobin matsala na ƙarya, saboda haka a caje shi tukuna.

Sa baƙin bakin mita a wani noti mai tsabta na jikin mota, jan bakin a rami na 16. Abin da ka gani a batir shi ya kamata ka gani a nan. Idan babu komai, fiyus ne kusan koyaushe. A Toyota da yawa akwai fiyus na musamman da aka rubuta OBD a kansa, yawanci 7.5A, a akwatin da ke ƙarƙashin dashbod. A tsofaffin Ford da Chevrolet da yawa kuwa fiyus ɗaya ne da ramin laita, inda ake soka cajar waya. Don haka idan direba ya ce cajarsa ta daina aiki, ka riga ka sami amsa. Ka leƙa cikin ramin laitar: tsabar kuɗi, ko kan wata cajar banza da ya karye ya maƙale, su ne ke ƙona fiyus ɗin.

Ka auna fiyus da mita a 'yan ƙarafa biyun da ke bayansa, kada ka dogara da ido. Idan ka sa sabo ya sake ƙonewa nan take, akwai inda waya ke taɓa ƙarfe. Kada ka sa wanda ya fi shi girma, balle a naɗa silin waya ko takardar sigari a wurin, abin da ya ƙona motoci ba adadi. Wayar da ke zuwa soket ɗin siririya ce, idan fiyus ya ƙi ƙonewa ita za ta ƙone a madadinsa. Dabarar ita ce ka jona ƙwan fitila a ƙafafun fiyus biyu. Muddin wayar tana taɓa ƙarfe, ƙwan zai haska sosai, shi ne kuma zai hana wuta yin yawa. Sai ka riƙa girgiza wayoyi kana zare kayan da ke kan layin ɗaya bayan ɗaya, inda hasken ya mutu, nan ɓarnar take.

Ga wani tarko. Mita tana iya nuna maka 12V alhali silin waya ɗaya tak ya rage, ko tsatsa ta cinye mahaɗa, domin mita ba ta jan wutar a zo a gani. Ka jona ƙwan fitila tsakanin 16 da 4. Ƙwai mai 21W yana jan abin da bai kai 2A ba, fiyus zai ɗauka. Idan ya haska tangaran, wuta da ƙasa duk lafiya. Idan ya yi ja-ja, ɗayansu na da rauni. Wannan gwajin na 16 da 4 ne kawai. Ƙwan fitila ba ya kusantar 6, 14 ko 7.

Mataki na uku: ƙasa

Kunna makulli, sikana a soke idan zai yiwu, ka auna V tsakanin baƙin kan batir da bayan rami na 4, sannan na 5. Kana son ganin abin da bai wuce 0.1V ba. Idan ya haura, ka bi wayar zuwa notin da aka ɗaure ta, yawanci a ƙarfen gefen ƙafar direba ko bayan dashbod, ka kwance, ka kankare tsatsa da fenti, ka ɗaure. Masu sa tiraka da rediyo suna son wannan notin, su kwance su ƙara wayarsu su bar shi sako-sako. Wasu sikana da na 4 suke aiki, wasu da na 5, shi ya sa za ka ga ta wani ta shiga motar ta wani ta ƙi, a yi ta gardamar wace ce ta gaske.

Kafin ka bar wurin, ka duba ramukan da kyau. Wanda ya buɗe baki ya fi sauran faɗi, wanda ƙarfensa ya koma baya za ka ga rami fayau, mai kore-kore kuma ruwa ya taɓa shi, ko daga gilashin gaba mai yoyo ko motar ta taɓa nutsewa a ambaliya kafin a shigo da ita. Na'urar da aka bari a soke tana rawa a kan hanyar burji wata da watanni ita ce babbar mai buɗe ramuka. Ana iya zaro ƙarfen ta baya a matse shi, amma wanda ya ci tsatsa sai canji.

Mataki na huɗu: layin CAN

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Kwamfutar inji, ta giya, ta birkin ABS, agogon dashbod, ta jiki mai kula da ƙofofi da fitilu, duk a kan wayoyi biyun nan suke. Kamar zauren mai unguwa ne: kowa yana jin kowa, ana magana ɗaya bayan ɗaya, idan mutum ɗaya ya tashi yana ihu ba mai jin wani. Na'ura ɗaya da ta lalace tana iya rufe bakin motar duka. Alamunsa sananne ne: allurai su faɗi ana cikin tafiya, fitilar ABS da ta jakar iska da ta inji su kama tare, giya ta maƙale a lamba ɗaya, wani lokaci a murza makulli shiru.

A ƙarshen layin biyu akwai resista, ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai 120Ω kowanne, yawanci ɗaya a cikin ƙwaƙwalwar inji, ɗayan a agogon dashbod ko wata kwamfuta. Biyun a haɗe suna ba da 60Ω. Kashe mota, cire baƙin kan batir, ka jira aƙalla daƙiƙa 90 kamar yadda Toyota ke cewa saboda jakar iska, sannan ka auna Ω tsakanin 6 da 14. Littattafan gyaran Toyota suna karɓar tsakanin 54 da 69.

Idan ka ga 120, resista ɗaya kake gani: waya ta tsinke a hanya, ko wani soket ya zare, ko kwamfutar da ke ɗauke da ɗayan ba ta jone. Idan ka ga kusa da sifili, wayoyin biyu sun haɗu da juna. Idan mita ta nuna babu haɗi sam, reshen da ya zo soket ɗin ne ya yanke, kuma a irin wannan motar tana tafiya lafiya lau, sikana ce kawai ba ta shiga. Idan kuma ka ga 40 ko kusa da haka, resista ta uku ta shigo layin, 120 uku a haɗe 40 suke bayarwa, kuma kamfani bai sa uku ba. Wata na'urar da aka ƙara ce ta zo da tata. Ka koma ka neme ta, akwai wadda ba ka gano ba, kuma wurin da na fi zargi shi ne bayan rediyo, inda ɗan akwatin allon Android yake jone da layin don ya karanta maɓallan sitiyari da buɗewar ƙofa.

Batir na nan a cire, ka auna 6 zuwa 4, da 14 zuwa 4. Toyota na son 200Ω ko fiye. Tsakanin kowannensu da 16 kuma 6kΩ ko fiye. Ƙasa da haka yana nufin wayar ta goge tana taɓa ƙarfe ko tana taɓa wayar wuta.

Mayar da batir, kunna makulli, auna V daga kowanne zuwa ƙasa. Idan layin yana hutawa duka biyun suna zama a 2.5V, idan ana magana, na 6 yana hawa zuwa 3.5V, na 14 yana sauka zuwa 1.5V. Abin yana gudu fiye da yadda mita za ta bi, don haka matsakaici za ta nuna maka: na 6 ya ɗan haura 2.5, na 14 ya ɗan gaza, ka tara su ka sami kusan 5. Sifili a ɗayansu, taɓa ƙarfe ne. 12V, taɓa wayar wuta ne, kuma idan ka bincika sau da yawa za ka tarar wani ne ya ɓare wayar yana neman inda zai sha wuta. Duka biyun lamba ɗaya cif ba motsi, ko sun haɗu ko babu mai magana.

Idan awo ya nuna ɓarna kuma babu kayan ƙari da ya rage, sai ka bar mita a jone ka riƙa zare kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, makulli a kashe kowane lokaci. Wadda ka zare awo ya dawo daidai, ita ce, ko reshen wayarta. Ka tuna cewa zare mai ɗauke da resista zai mayar da awo 120, wannan ba laifinta ba ne. A a-kori-kura ka fara da na waje, waɗanda ke shan ruwa da laka: famfon ABS, na'urar sa giyar ƙafa huɗu, mahaɗar wayoyi da ke ƙarƙashin dardumar ƙafa, da damin wayar da ya bi shasi zuwa baya, inda masu walda da ɓeraye ke yin ɓarnarsu. Wajen gyara, a haɗa da dalma a rufe da robar da ke matsewa da zafi, a mayar da murɗin yadda yake. Murɗin nan shi ke kare layin daga hayaniyar altaneta da koyil, wanda ya miƙe wayoyin tsawon kamu guda ya saka matsalar da za ta riƙa zuwa tana tafiya.

A sababbin motoci akwai ƙarin abu. Soket ɗin ba ya taɓa babban layin kai tsaye, akwai wata kwamfuta mai tsaron ƙofa a tsakani. F-150 na da ita tun ƙirar 2015, Ram kuma daga wajen 2018 tasu har hana sikanar da ba ta da rajista goge lamba take yi. A irin waɗannan, awon da ka yi a 6 da 14 na ɗan guntun da ke tsakanin soket da mai tsaron ne kawai, kuma ba dole ya zama 60 ba. Sai da taswira.

Idan sikana ta shiga wasu kwamfutoci ta kasa wasu, lambobin da suka fara da U za su nuna maka hanya. U0100 an daina jin ƙwaƙwalwar inji, U0101 ta giya, U0121 ta ABS, U0140 ta jiki, U0155 agogon dashbod. Wadda kowa ke ƙarar bai ji ta ba ita za ka je wa, kuma fiyus ɗinta da ƙasarta za ka fara aunawa. Ka ɗauki hoton lambobin kafin ka goge.

Idan duk awo ya yi daidai amma shiru

Murza makulli ba tare da ka tayar ba, ka kalli fitilar inji. Idan ta kama, ƙwaƙwalwa a farke take. Idan ba ta kama ba, ka duba fiyus da babban rilen da ke ba ta wuta. Sannan ka auna 5V ɗin da take aika wa sansoshi, 'yan na'urorin da ke yi mata awo, a soket ɗin sansar totur ko ta iska. Sansa ɗaya da ta haɗe a ciki tana iya janye wannan 5V ƙasa ta sumar da ƙwaƙwalwar baki ɗaya. Ka zare ta, komai ya farfaɗo.

Sai kuma sikanar kanta. Ba a sayar da Hilux a Amurka, Tacoma suke da ita, don haka dokar 1996 ba ta hau kanta ba. Tsofaffin Hilux da aka ƙera don Afirka da Gabas ta Tsakiya, musamman na dizal, suna da soket mai ramuka 16 amma wasunsu da yaren Toyota suke magana ta rami na 7. 'Yar sikanar nan mai Bluetooth ba za ta ji ba, sai Techstream, manhajar Toyota da kanta, ko babbar na'ura irin Launch ko Autel da aka zaɓar mata ƙirar motar da hannu. Yawancin masu arhar nan kwaikwayon wani ɗan guntun lantarki ne mai suna ELM327, har ana rubuta musu 1.5, lambar da kamfanin asali na Kanada bai taɓa fitarwa ba. Ka gwada sikanar a wata mota kafin ka zargi wannan.

Batir mai kwana ya mutu

Tunda rami na 16 ba ya mutuwa, duk abin da aka bari a soke yana sha dare da rana. Mafi muni shi ne mai yi wa layin CAN magana, domin yana hana sauran kwamfutoci barci. Lissafin mai sauƙi ne: abin da ke jan 200mA yana cin 4.8Ah a kwana ɗaya, cikin mako ya cinye kusan rabin batir mai 70Ah.

Kashe komai, zare makulli ka nisanta shi idan na maɓalli ne, buɗe bonet da ƙofar direba amma ka danna harshen makullin ƙofar da sukudireba don motar ta ɗauka a rufe take. Mayar da jan bakin mita ramin 10A, ka jona ta tsakanin baƙin kan batir da wayarsa. Ka jona tukuna sannan ka ɗaga wayar, don kada wuta ta yanke. Kada ka murza makulli a wannan hali. Ka jira minti 30, wasu motocin har awa guda. Motar da ta yi barci ba ta wuce 50mA. Idan ta wuce, kada ka kama zare fiyus barkatai, kowane zarewa da mayarwa yana tayar da kwamfutoci. Da wata mita a kan mV ka taɓa ƙarafa biyun bayan kowane fiyus: wanda wuta ke ratsawa zai nuna ɗan wani abu, sauran sifili. Idan babu fiyus ɗin da ya nuna, ka kalli jan kan batir, akwai wayar da aka ɗaura kai tsaye, ta fitilun rufi ko amfilifaya ko winci. A allon Android kuma kuskuren da aka saba shi ne haɗa jar waya da rawaya wuri ɗaya. Rawayar ta wutar dindindin ce, jar ta makulli ce. Aka haɗe su a dindindin, allon ba zai taɓa mutuwa da gaske ba. Da ka gama, mayar da bakin mita ramin V, in ba haka ba awo na gaba zai ƙona fiyus ɗinta.

Mayar da kayan

Ɗaya-ɗaya ake mayarwa, ana sake awo bayan kowanne, har da awon barci. Abin da wuta kawai yake buƙata, kamar kyamara da yawancin tiraka, ba shi da hurumi a soket ɗin OBD. A ja masa wuta daga akwatin fiyus da 'yar mahaɗar nan mai ɗaukar fiyus biyu, a ba shi nasa ƙarami, 2A ko 3A, a ɗaure ƙasarsa a notin kamfani. Tiraka mai kashe inji, a nawa ganin, gara a ratsa rilenta a siririyar wayar da ke kunna rilen famfon mai, maimakon a yanke wayar famfon kanta mai ɗaukar wuta da yawa. Mahaɗar da aka murɗa da hannu aka naɗe da tef a wannan wayar tana zafi, tana saki, wata rana motar ta mutu ana tsakiyar wuce tirela. Idan dole na'ura ta karanta layin CAN, akwai masu maƙalewa a jikin waya su ji sigina ba tare da an ɓare ta ba, su za a nema.

Su kuma 'yan akwatunan nan masu launi da ake tallatawa wai a soka a OBD su rage shan mai ko su ƙara wa inji ƙarfi, waɗanda aka fasa an tarar ba abin da suke yi sai kunna 'yar fitila. Ka zare ka yar. Sikanar Bluetooth ma ka riƙa zare ta idan ka gama, ka ajiye a aljihun dashbod. Kuma ka rubuta a takarda abin da aka ƙara, inda aka ɓoye shi, fiyus ɗin da ya sha da wayar da aka yanke, ka haɗa da takardun motar, domin mai gyaran da zai zo bayanka da wannan zai fara.